Shirun da Alhaji Zarami Ya Yanke

Masu karatu, kafin in ɗora, ina gaida baiwar Allahn nan da ta rubuto a ƙasan rubutuna na makon jiya cewa wai na cika tsanani, mutum ya zo da motarsa da niyyarsa ta aure ina yatsina fuska. Na ji ki, 'yar'uwa. Ki gyara zama. In kin gama karanta na yau kika ga har yanzu ni ce mai laifi, na yarda ki zo har gida ki faɗa mini.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni, sunana Aisa, 'yar Malam Bunu mai ɗinkin hula a Haɗejiya. Abin da nake ba ku ya faru ne a 1998, ina da shekara ashirin da uku, ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a Malam Madori. Litinin da sassafe nake hawa motar haya, ba na dawowa gida sai Juma'a da yamma.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Malam Habila, ma'aikacin jinya, mutumin kudancin Kaduna da ya shekara ashirin a garin har Hausarsa ta fi tawa gishiri. 'Yarsa Dibora a tsakar gidanmu ta koyi tafiya. Yarinya ce mai kai, irin wadda kafin ki rufe baki ta gama lissafin, ta tsaya tana kallonki kamar ke kika makara. Shekarar sanƙarau ciwon ya kwantar da ita sati uku. Ta tashi da ranta, amma idanun ba su dawo ba. Lokacin tana aji uku na ƙaramar sakandare.

Shekara biyu ta yi a zaune tana tsince wa mamanta shinkafa da yatsu. Sai babanta ya samo labarin wata makarantar makafi a can Filato. Da baki suke gwada yara. Wanda ya ci, sai a ɗora shi a aji huɗu ya ci gaba da karatunsa. Wanda ya faɗi, sai ajin saƙar kwando da kujera. Ni ban raina saƙa ba, Allah ya sani, sana'a ce. Amma ranar da Dibora ta ji wannan bayani ta lalubo hannuna ta riƙe gam.

"Malama, don Allah kar ki bari su sa ni a ajin kwando."

Turanci da sauran darussa babanta yana karanta mata. Lissafi ne ya gagari gidan. Ni kuma ba na gari kwana biyar a mako. Shi ya sa na koma kaset.

Ba karatu kawai nake yi a ciki ba, ku fahimce ni, don a nan maganar take. Ta yaya za ki nuna wa wadda ba ta gani inda baka, wato alamar nan mai lanƙwasa da ake killace lambobi da ita, ta buɗe da inda ta rufe a cikin lissafi? Ni da Dibora muka zauna muka ƙirƙiro hanyarmu. Ina da kofin gilashi da ƙaramin cokali. In na buga sau ɗaya, an buɗe baka. In na buga sau biyu, an rufe. Ita kuma tana da tiren ƙwai da 'ya'yan tsamiya, kowane layi da matsayinsa, na ɗaya-ɗaya, na goma-goma, na ɗari-ɗari. Kusurwoyi da da'ira kuwa zare nake liƙa mata a kwali da ƙaro, ta bi da yatsa. In na ba da tambaya sai in yi shiru, kaset yana juyawa, ina ƙirga talatin a zuci, wani lokaci sittin in tambayar mai nauyi ce. A cikin wannan shirun take motsa 'ya'yan tsamiyarta ta fitar da amsa, sannan muryata ta dawo ta faɗi daidai. Dokarmu ɗaya ce, ba a magana cikin shiru.

A ɗakin ajiyar hatsinmu nake ɗauka, wanda ya haɗa bango da zaure, tsakanin azahar da la'asar in gida ya lafa. In toshe ƙasan ƙofa da buhu, in zauna a kan turmi ina zufa. Akuya ta yi kuka, in koma baya. Mai tallan kifi ta ƙwala kira a lungu, in koma baya. Wata takwas na yi a haka, Asabar da Lahadi, har na haɗa kaset ashirin da shida. Kowanne na gama sai in ɓalle masa 'yan kunnuwan nan biyu na sama don kada a ɗora wani abu a kai bisa kuskure, in ɗaure shi da zare mai ƙulli daidai lambarsa don ta gane da hannu.

To, ga Alhaji Zarami.

Dillalin bandar kifi ne, asalinsa Kirikasamma, manyan motoci yake lodawa zuwa Kudu. Saurayi ne, bai taɓa aure ba, ba shi da muni, kada in yi masa ƙarya. Shadda yake sawa mai maiƙo, da agogon da ya yi wa hannunsa yawa, da wani turare mai hawa kai da yake zubawa don ya danne ƙaurin kifi. Bai danne ba. Haɗuwa suka yi suka zama abu na uku, wanda har yau in na ji mai kama da shi a motar haya zuciyata tashi take. A shekarar ne kuma ya fito takarar kansila.

Zamanin babu wayar hannu, shi kuma ya ce wasiƙa ta talakawa ce. Kaset yake aiko mini. Goggo Mairam, yayar babana, ita ce 'yar aike, da lafayarta da ƙamshin humrarta, ta shigo tana rangaji ta ajiye mini a cinya. In na kunna sai in ji:

"Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu. Ana ji na? To madalla. Zuwa ga tauraruwata, Malama Aisa, sa, sa, sa."

Amsa-kuwwa yake sa a yi masa a shagon kaset, kamar mai sanarwa a tasha. Minti casa'in, gaba da baya, rabi yabona, rabi lissafin motocinsa. Bakwai ya aiko. Shi ma duk ya ɓalle musu kunnuwa, ya ce wa Goggo kalamai ne na har abada, kada wani ya goge. Na zuba su a tsohon gwangwanin madara na tura ƙarƙashin gado.

"Ke wace irin yarinya ce?" in ji Goggo. "Sa'o'inki suna da 'ya'ya uku-uku. Ke kina ɗakin gero kina hira da rikoda."

"Goggo, aiki nake yi."

"Aikin me? Yarinyar nan Allah ya riga ya yi ikonsa a kanta. Ki bar ta ta huta mana. Lissafin me makauniya za ta yi, jirgi za ta tuƙa?"

Innata ba ta cewa komai, sai dai ta ce, "Aisa, ki dai duba." Baba kuwa yana zaure da allurarsa da rediyonsa, in an kai masa maganar sai ya ce, "Ana dubawa." Wata huɗu ana dubawa.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don ban zo nan in wanke kaina ba.

Saura kwana ashirin da biyu gwajin, rikodar su Dibora ta tauna kaset na tara. Ina zaune a zaure da biro ina naɗe zaren a hankali, kamar in yi kuka, sai ga Alhaji ya zo zance bayan la'asar. Ya tambaya, na yi masa bayani. Ya saurara, har da gyaɗa kai.

"Haba Malama. Wannan aiki mai daraja a kan waɗannan ruɓaɓɓun kaset? Ki ba ni su. Ina da yaro a Kano, injinsa daga waje aka kawo. Ya juye miki a sababbi masu kyau, kwafi biyu-biyu. Kwana uku kacal."

Kun san abin da ya kama ni? Kalmar nan, aiki mai daraja. Wata takwas ban ji ta daga bakin kowa a gidanmu ba. Na ji wani sanyi a raina, har na saci kallonsa na ce ashe dai mutumin nan yana da zuciya, turaren ne kawai matsala.

Na shiga gidan Malam Habila na tarar da Dibora a kan tabarma da tirenta. Da na gaya mata, sai ta rungume kwalin kaset ɗin.

"Malama, duka?"

"Duka. Kwana uku ne."

"Ki bar mini ko na sha bakwai. Kashi-kashi bai zauna mini ba."

"Dibora, so kike shi ma rikoda ta cinye? Kawo."

Ta miƙo. Da hannuna na karɓa daga hannun yarinyar da ba ta gani, na kai na sa a bayan motarsa. Wannan shi ne abin da na kasa yafe wa kaina tsawon shekaru.

Kwana uku suka zama bakwai. Na dawo Juma'a babu kaset. Na aika Goggo, ta dawo da atamfa da saƙon cewa in kwantar da hankalina, akwai abin mamaki. Dibora ba ta yi mini ƙorafi ba, da ma ta yi. Sai dai in na shiga in tarar tana motsa 'ya'yan tsamiya ita kaɗai, tana buga cokali a kofi tana ba kanta tambaya. A rana ta goma sha uku, Asabar, aka aiko mota wai mu zo da ni da Dibora da babanta, za a damƙa mana kaya.

Na ɗauka gidansa za a kai mu. Sai motar ta tsaya a filin da ke gaban rumbun kifinsa, kusa da hanyar kogi. Ruwa ya fara ja da baya a lokacin, ko'ina warin laka da hayaƙin banda. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗaura lasifika biyu a kan sanda. Jama'a cike. A gefe guda kuma, a ƙasa, cikin rana, an zaunar da makafin garin, sun kai arba'in, tsofaffi da mata da sandunansu. Kwaso su aka yi daga bakin kasuwa da ƙofar masallaci.

Wani mai hula ja ya kama hannun Dibora zai kai ta cikinsu. Tana sanye da farar rigarta ta zuwa coci da ɗankwali shuɗi, ta yi guga tun safe don ta ɗauka wurin mutunci za mu.

Malam Habila ya ce, "Malam, sakar mata hannu. Tare muke."

"Ai wurin makafi can ne."

"Na ce tare muke."

Muryarsa ba ta tashi ba, amma na ga jijiyar wuyansa. Muka tsaya a tsaye a bakin rumfa, don ba a tanadar mana kujera ba.

Alhaji ya karɓi abin magana. Ya yi gwaji, gwaji. Ya ce shi mutum ne mai tausayin nakasassu tun yana yaro. Ya ce ya ɗauki nauyin wani gagarumin shiri na koyar da makafi lissafi a zamanance, irinsa na farko a ƙasar Haɗejiya, da taimakon wata malama wadda, in Allah ya yarda, ta kusa zama ta gida. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Na waiga, guɗar Goggo Mairam ce, tana layin gaba a kan kujera.

Aka buɗe kwali aka fara raba kaset. Kowanne da hotonsa a bango, ya riƙe haɓa yana murmushi. Hoto, jama'a, a kaset ɗin makafi. Wani tsoho ya jujjuya nasa a hannu, ya shinshina, ya ce, "Wannan ci ake yi ko sayarwa?" Aka yi dariya. Babu mai rikoda a cikinsu ko ɗaya, kuma babu wanda ya tambaye su ko suna so.

Sannan aka kunna a lasifika.

Kiɗa ya fara tashi, da wani maroƙi yana jero kirarin Zarami. Sai muryata ta faɗo a kai, da amsa-kuwwa, a gaban mazan garin nan duka. Na ji kamar an yaye mini mayafi. Amma ba wannan ne ya kashe ni ba. Gudu muryar take yi, tambaya na bin tambaya, amsa na manne da tambaya, babu numfashi. Na ji kaina ina cewa:

"Biyu sau uku a tara da huɗu amsa goma sha huɗu."

Babu ƙarar cokali. Babu shiru. A nawa kaset ɗin, bayan "biyu sau" akwai bugu ɗaya, bayan "huɗu" akwai bugu biyu, wato a fara haɗa uku da huɗu su ba da bakwai, sannan a ninka. Da aka cire bugun sai lissafin ya zama ƙarya.

Wani mai sayar da tattasai a bayan taro ya ɗaga murya. "Kai! Goma ne! Biyu sau uku shida, da huɗu goma. Wace malama ce wannan?"

Filin ya ɗauki dariya. Ni da na ci lissafi da yabo a kwalejin horon malamai, mai tattasai yana gyara mini a bainar jama'a, kuma a yadda ya ji, shi ne da gaskiya.

Ban san lokacin da na ratsa kujeru na isa gabansa ba.

"Alhaji, me aka yi wa kaset ɗina?"

Ya rufe abin magana da tafin hannu yana murmushi. "Kin ji yadda ya fito tas? Yaron nan gwani ne. Ya ce rabin kaset ɗinki fanko ne, kin yi ta barin zare yana tafiya a banza. Ga wani ƙwanƙwasa-ƙwanƙwasa kamar ana wanke-wanke. Duk ya tsallake su. Ashirin da shida ya matse su a tara. Inda ya rage wuri muka sa waƙa don kada su gaji."

"Nawa fa? Na asalin?"

"Tsofaffin? Ai ba a yi asararsu ba. Salatif ya liƙa a ramukan kunnuwan da kika ɓalle ya ɗora musu waƙar takara. Shekaranjiya aka rabar a Kirikasamma."

Wallahi ya faɗe shi ne yana jiran in gode. Abin da ya fi tayar mini da zuciya ke nan. Da mugunta ya yi, da na san inda zan ajiye shi. Shi a ransa gyara ya yi mini. Kwana goma sha uku kayan suna hannunsa, bai zauna ya saurari ko ɗaya ya tambayi kansa me ya sa malamar lissafi za ta yi shiru ba.

Sai na ji sanda tana taɓa ƙafar kujera a bayana. Dibora ce, ta biyo muryata, babanta na biye.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ina shirun?"

"Na'am? Me take cewa?"

"Shirun da ke ciki. A nan nake yin lissafin."

Ya dube ta, ya dube ni, ya yi 'yar dariya. Ya sa hannu a aljihu ya zaro sabuwar takardar kuɗi, ya kamo hannunta ya cusa, ya ɗaga hannun sama yana neman mai hoto da ido.

"Allah sarki. Ga wannan ki sha ruwa. Ki yi mana addu'a, addu'arku ba ta faɗuwa."

Dibora ta buɗe yatsunta, takardar ta faɗi a laka. Ba ta jefar ba, sakinta kawai ta yi. Ta ce, "Baba, mu tafi gida." Muka tako a ƙasa tun daga bakin kogi har unguwarmu. A ƙofar gidansu na buɗe baki zan ba da haƙuri, Malam Habila ya ce, "Malama, kin yi iyakar ƙoƙarinki." Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Saura kwana tara. Litinin kuma dole in koma Malam Madori.

Goggo ta riga ni isa gida a mota, ta baje a tsakar gida tana ba Inna labari da hannu da ƙafa.

"Fanna, ba ki ga taro ba! A lasifika ya ambace ta. Ta kusa zama ta gida, in ji shi. Juma'a baffanninsa za su zo gaisuwa."

Na ce, "Ba da ni ba."

"Me kika ce?"

"Na ce ba da ni ba, Goggo. Ko shi kaɗai ya rage a Haɗejiya."

"A kan kaset? Za ki watsar da miji a kan kaset ɗin 'yar maƙwabta? Ya ba ku tara sababbi fil, da hoto!"

"Ki jiƙa hoton ki sha."

Ban taɓa yi wa babba irin wannan magana ba, kuma ba ina alfahari da ita ba ne. Inna ta ce, "Aisa!" Goggo ta dafe ƙirji ta fara salati tana kiran sunan kakanninmu tun daga bakin Tafkin Chadi. Sai muka ji gyaran muryar Baba daga ƙofar zaure. Da hular da yake ɗinki a hannunsa, allura na soke.

"Kawo kaset ɗin in ji."

Na sa masa ɗaya daga cikin taran da Goggo ta taho da su. Ya tsaya ya saurari kiɗan, da kirarin, da muryata tana gudu. Bai kai minti biyu ba ya ce in kashe.

"Wanda nake ji ta bango kina ƙwanƙwasa kofi, ina yake?"

"An goge, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Ashe wata takwas yana ji. Ashe shi ya sa yake rage muryar rediyonsa bayan azahar, ni ina zaton barci yake. Ya tambayi kwana nawa ya rage wa yarinyar, na gaya masa. Ya koma zaure. Da ya fito, batir shida ne a tafin hannunsa, waɗanda ya ciro daga rediyonsa, rediyon da ko Inna ba ta isa ta taɓa ba. Ya zuba mini a hannu ya juya, bai ce komai game da Juma'a ba. Goggo ta bi shi tana, "Bunu, magana fa nake yi," ya ce, "Ana dubawa, Yaya."

Batir ya samu, don dama na rikodata sun raunana. Saura kaset. Taran nan na Alhaji masu gajeren zare ne, kuma Goggo ta kwashe su ta ce tsarabar taro ce. Ran nan Asabar da yamma, mai shagon kaset na unguwarmu yana wurin taron Alhaji yana kula da lasifika. Ina zaune a bakin gado na haɗa kai da gwiwa, sai diddigena ya bugi gwangwanin madara.

Na jawo shi. Guda bakwai, masu minti casa'in, sababbi, sau ɗaya aka taɓa kunna kowanne, wasu ma ban kai ƙarshensu ba. Kalamai na har abada. Na yage takarda daga littafin shirin darasi, na tattauna ta da haƙori, na cusa a ramukan kunnuwan ɗaya bayan ɗaya. Ni ma na iya.

Washegari Lahadi, da aka taso daga coci, na je na kamo hannun Dibora na kawo ta ɗakin hatsi. Ban taɓa shigo da ita wurin ɗauka ba. Na toshe ƙofa da buhu, na ba ta turmi, na zauna a ƙasa.

"Dibora, bakwai ne kawai, kuma yau kaɗai gare mu sai Juma'a. Ba zan iya tuna duk abin da na faɗa a wata takwas ba."

"Ni na tuna," ta ce. "Na ɗaya zuwa na sha biyu ki bar su, suna kaina. Ki fara da baka, don jiya sun rikita mini ita. Sai na sha bakwai."

Na sa kaset na farko. Don in tabbatar da gefen, na ɗan kunna.

"Gwaji, gwaji. Zuwa ga tauraruwata..."

Dibora ta toshe baki da ɗankwali, kafaɗunta na rawa. Rabon da in ji dariyarta tun kafin a karɓe kwalin. Na mayar da zaren farko, na ɗora yatsu biyu a kan maɓallin ja da na kusa da shi, na danna da ƙarfin da ya fi wanda ake bukata.

"Darasi na farko. Biyu sau," na buga kofi sau ɗaya, "uku a tara da huɗu," na buga sau biyu. Na yi shiru na fara ƙirga talatin.

Ina kan bakwai na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Ina kan goma na ji sallamar maza, ba ɗaya ba, ba biyu ba, da muryar Goggo tana yi musu lale marhabin. Ashe ba ta yarda da Juma'a ba. Ta aika wa baffannin Alhaji tun daren jiya cewa tunda Lahadi ranar kasuwa ce suna gari, su zo a gama magana kafin yarinya ta ƙara lalacewa.

Bango ɗaya ne tsakaninmu da zaure. Na ji an shimfiɗa tabarma. Na ji wani dattijo ya yi doguwar magana. Sannan na ji muryar Baba, ƙasa-ƙasa yadda ya saba, gajeriya, ban kama ko kalma ɗaya ba. Zaren yana juyawa, yana cin muryar Alhaji yana ɗaukar duk abin da ake faɗa a bayan bangon.

Dibora kuwa ta karkatar da kai wajen bangon, yatsunta sun tsaya cak a kan tire. Kunnenta ya fi nawa nesa ba kusa ba, a tsakar gidansu take gane wanda ya shigo namu da takunsa. Na ga gefen bakinta ya motsa, irin na mai danne murmushi.

Na matso na raɗa mata, "Me ya ce? Dibora, don Allah, me Baba ya ce?"

Ta ɗora yatsa a leɓenta. Ta tura 'ya'yan tsamiya huɗu a layin farko, ɗaya a na biyu, ta lalubo hannuna ta ɗora a kai don in taɓa.

"Malama, ba a magana cikin shiru," ta ce a hankali. "Goma sha huɗu ne. Ba ni ta gaba."